Teburina, Kunnen Yayana da Kwalin Takalmi

Yayana kafinta ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya wuce katako bai ƙwanƙwasa shi ba. Yatsu biyu yake lanƙwasawa, ya buga sau biyu, ya karkata kai kamar kaza ta hango shaho, sannan ya yanke hukunci. Ko ya ce ɗanye ne, ko ya ce gara ta cinye cikinsa, ko kuma, idan katakon ya taki sa'a, ya ce, "Ya bushe. Ana iya aiki da shi." Wannan shi ne yabo mafi girma da ke bakinsa, kuma ban taɓa jin ya yi wa ɗan Adam shi ba.

Mutanen layinmu Mai Kunne suke ce masa. Wata rana na raka shi asibiti yana fama da ciwon baya, muna zama ya kai wa teburin likita bugu biyu, ya ce, "Likita, kafin ka duba ni, teburin nan naka ya fi ni jin jiki." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata biyu bayan nan ƙafar teburin ta karye, kuma likitan da kansa ya aiko a gyara. Matarsa kuwa har gobe cewa take ba ita ya aura ba, ƙofar gidan ubanta ya aura, domin ranar da ya fara zuwa sai da ya ƙwanƙwasa ƙofar sau uku alhali a buɗe take, ya koma gida ya ce wa mahaifinmu mutanen gidan nan ba sa ha'inci. 'Ya'yansa biyar duk da bugun nan suka girma. In yaro ya kawo masa wata magana, sai ya buga masa yatsu biyu a tsakar ka, ya saurara, ya ce, "Ɗanye ne, da saura." Babban ɗansa yana da furfura a gemu yanzu, har yau ɗanye ne.

Ni ce ƙanwarsa, tela ce, kuma tun rasuwar mijina nake zaune a ɗakin da ke bayan shagonsa. Don haka a gabana aikin ya riƙa janyewa. Mutane suka koma sayen kayan kanti, waɗanda ake haɗawa da garin katako da gam, masu ƙyalli a ido, masu kumbura da sun ji ruwa. Yaya ya koma gyaran ƙafar kujera da sa wa taga sakata. Idonsa ya rage, hannunsa ya yi nauyi, sai ya wuni a kan benci yana kallon titi. Abu ɗaya ne ya rage masa bai tsufa ba, kunnen nan, kuma kowa a gidan ya san da shi yake tsaye. Ana iya yi masa tsiya a kan sanƙonsa, a kan takalminsa, a kan yadda yake shan shayi da ƙara, amma ba a taɓa kunnen.

To, sai ga Auta da injinta.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, shekarunta ashirin da biyar, gyaran waya take yi a wani shago a bakin babban titi. In ta dawo sai ta baje wayoyi da dalma a tabarma tana haɗa wani abu na kiɗa. Na farkon da ta haɗa ƙarami ne, maɓalli huɗu, ta huda murfin kwalin takalmi ta zaunar da shi a ciki. Na biyun shi ne babba: maɓalli goma sha shida, abin murzawa takwas, da wayoyi a ƙasa kamar kan da aka kwance kitso. In ta jona shi da kwamfuta ta danna maɓalli, sai ganga ta fito ta lasifika, ta danna wani, sai tafi ya fito. Na tambaye ta ina gangar take ɓoye a ciki.

Ta ce, "Gwaggo, shi abin ba ya ƙara ko kaɗan. Saƙo kawai yake kai wa kwamfuta, kamar rimot ɗin talabijin. Ƙarar tana cikin kwamfutar."

Na gane, kuma ku riƙe wannan, domin a nan duk rigimar take.

Wata mawaƙiya ta ji abin da Auta take yi, ta ce ta zo ta yi mata kiɗa a wani ɗakin taro nan da mako uku. Ba za a hau dandamali da wayoyi a tsirara ba, sai Auta ta leƙa shagon ubanta ina zaune a bakin ƙofa ina sa wa riga maɓalli.

"Baba, ko za ka buga min ɗan akwati? Ko da ragowar falanki ne, ya dai rufe wayoyin."

"Na mene ne?"

"Na abin kiɗan nan nawa."

Yaya ya miƙe tsaye. Ya lalubo fensir a aljihun tebur, ya soke shi a bayan kunne. Rabona da ganin fensirin nan a wurin ya kai shekara biyu.

Ya ce, "Kayan kiɗa ba a yi musu gida da kowane katako. Muryar abu daga jikinsa take fitowa. Ki bar min wannan."

Na kalli Auta ina jiran ta yi masa bayanin rimot. Ta kalli fensirin, ta kalli ƙasa, ta ce, "To, Baba."

Washegari da sassafe ya tafi kasuwar katako, wurin wani abokinsa na ƙuruciya da muke ce wa Mai Katako, mutumin da suka shekara arba'in suna musu ba wanda ya taɓa cewa ɗan'uwansa ya yi gaskiya. Kwana tara Yaya ya yi yana zarya. Sai ya sa a sauke masa falankin da ke can ƙarƙashin tuli, ya buga, ya saurara, ya girgiza kai, a mayar. A kwana na huɗu yatsunsa suka kumbura, sai ya ɗauki cokalin shayin matarsa ya ci gaba da shi. Kullum ya dawo da rahoto a kan itatuwan. Maje, in ji shi, surutu ya yi masa yawa. Kirya girman kai gare ta, ba ta amsawa sai ta ga dama. Ƙawo kurma ne. Mangwaro kuma kamar mai mura yake magana. A kwana na tara Mai Katako ya tare shi a bakin rumfa, ya ce masa nan kasuwa ce, ba gidan rawa ba, in zai saya ya saya, in ba zai saya ba ya mayar wa matarsa cokalinta.

Ranar da yamma ya shigo ɗakina ransa a ɓace, na zuba masa shayi, ya zauna kusa da teburin da kekena yake kai. Shi ya yi min teburin nan da katakon maɗaci shekara talatin da suka wuce, ranar da na sayi keken. Yana cikin zagin Mai Katako, hannunsa ya kai wa teburin bugu biyu don sabo. Sai ya katse zagin. Ya ajiye kofi, ya sake bugawa, ya karkata kai.

Na ce, "Yaya, ahir ɗinka."

Ya ce, "Me na ce?"

Na ce, "Ba ka ce komai ba, shi ya sa."

Da yake na san hali zanen dutse ne, kamata ya yi in kwana a kan teburin in wuni a kai. Amma zare ya ƙare min, na fita sayowa washegari da hantsi. Da na dawo na tarar da ƙafafu huɗu tsaye a tsakar ɗaki babu komai a kansu, kekena kuma an ɗora shi a kan ƙofar tsohon firji, ƙofar a kan jarkoki biyu, har an shimfiɗa masa ɗan ƙyalle don girmamawa. Daga shago ina jin zarto yana tafiya.

Na same shi ya riga ya raba teburin gida shida.

"Aro na yi," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Aro da zarto, Yaya?"

"Shekara talatin yana shan karkarwar kekenki, ya koyi kiɗa. Babu irinsa a kasuwa. Zan yi miki wani."

Na faɗi maganganu a ranar waɗanda ba zan maimaita su a takarda ba. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Matarsa ta ja ni gefe tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce in gode wa Allah ba gadona ya ƙwanƙwasa ba.

Aikin kansa wani wasan kwaikwayo ne. Auta ta kawo masa takarda da ta zana wurin kowane rami daidai da maɓallanta, ya ture ta, ya ce takarda ba za ta koya masa awo ba. Ya auna da babban yatsa, ya huda ramuka goma sha shida, maɓalli goma sha ɗaya suka shiga, biyar suka ƙi. Ya ce maɓallan ne a karkace. Da Auta ta tafi aiki ya aiko matarsa ta tambaye ni, wai ko na ga wata takarda da iska ta kwaso. Na ba ta, ya yanko sabon murfi daga abin da ya rage na teburina.

Bayan nan ya huda wani ƙaton rami zagayayye a gaban akwatin, irin na jikin jita, domin muryar ta samu hanyar fita. Auta ta ce a hankali, ƙura za ta shiga. Ya ce ta yi gaskiya, ya je ya yanko ragar sauro daga tagar ɗakina ya rufe ramin. Ya sa wa akwatin kwaɗo da makulli, saboda a rayuwarsa bai taɓa buga akwati babu makulli ba. Ya sa masa mariƙi biyu na ƙarfe da ya ciro daga wata tsohuwar durowa. Da muka gwada ɗagawa ni da Auta, sai da muka ce ɗaya, biyu, uku.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko da ina fushi. Akwatin ya yi kyau. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, haƙoran katakon ne suka shiga juna a kowace kusurwa, ko allura ba ta samun wurin shiga. Ya goge shi kwana biyu har jan maɗacin ya fito, ya shafa masa mai, gidan duk ya ɗauki ƙanshi. A gefe ɗaya akwai ɗan tabon da dutsen guga ya yi wa teburin shekarun baya, ya bar shi bai goge ba, na kuma san don ni ya bar shi.

Duk da haka na tsare Auta a ɗakina na ce ta faɗa masa gaskiya, tun kafin wani ya faɗa masa a bainar jama'a.

Ta ce, "Gwaggo, kin ji shi yana waƙa da safe kuwa? Yaushe rabonki da jin haka?"

Na ce, "Na ji, kuma muryar ba daɗi. Ki faɗa masa."

Ta ce bayan taron. Bayan taron bai zo ba, Mai Katako ne ya zo.

Ya zo ne ranar da aka ɗaura injin a cikin akwatin, wai ya ga abin da aka raina katakonsa saboda shi. Ya zagaya akwatin, ya shafa kusurwa, bai samu abin kushewa ba, abin ya ƙara ba shi haushi. Sai ya ce, "Ni dai na tambaya an ce min irin wannan abin ba shi da murya. Ko a cikin bokiti ka sa shi, ƙarar ɗaya ce. Kwana tara ka hana ni ciniki a banza."

Yaya ya yi dariya. Ya ce a kawo ƙaramin na cikin kwalin takalmi, a jona su duka biyun, a ɗaure masa ido, in bai bambance maɗaci da kwali ba a daina ce masa Mai Kunne. Auta ta ce batirin kwamfutar ya kusa ƙarewa. Mai Katako ya nuna mata soket a bango. Na ce, "Yaya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne." Ya ce in ba shi ƙyalle. Maƙwabta biyu sun riga sun shigo, matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Aka ɗaure masa ido. Auta ta danna na katako, ganga ta ce dum. Ta danna na kwali, ganga ta ce dum. Ko uwar da ta haifi gangar ba za ta raba su ba. Ya ce a sake. Aka sake. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. 

Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Na biyun." Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Amma ya ci gaba: "Ku ji zurfinsa. Ku ji yadda muryar take zagayawa a ciki kafin ta fito. Wannan itace ne da ya sha rana, ya sha shekaru. Na farkon kuwa fanko ne, kamar an buga kwali."

Mai Katako ya yi dariya har ya zauna a kan jarkar ruwa. Maƙwabtan suka taya shi. Ni ma, Allah ya yafe min, sai da ta kuɓuce min, saboda zancen shan shekaru, alhali kwalin takalmin bara ne. Yaya ya kwance ƙyallen da kansa, ya ga yatsan Auta a kan kwali. Ya dube ta ya ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ya ninke ƙyallen sau huɗu ya miƙo min, ya zare fensirin daga bayan kunnensa ya ajiye a kan akwatin, ya shiga shago.

Kwana uku bai ƙwanƙwasa komai ba. Ban san gidanmu yana da wannan ƙarar a cikinsa ba sai da ta ɗauke. Ya wuce ƙofa kamar baƙo, ya zauna a benci hannuwansa a cinya. Ya sayo kankana ba tare da ya buga ta ba, aka fasa, fara fat, ya ci abinsa haka nan. Jikokinsa suka zo suka riƙa miƙa masa kai, ya shafa kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da a ce mayar min da teburina zai sa ya ci gaba da zama haka, da na ce a bar teburin.

A rana ta uku Auta ta shigo ɗakina da wayarta da cokalin shayin nan, ta ce in yafa mayafi in raka ta. Muka fara da gida. Ni ce mai bugu, domin na fi kowa sanin yadda yake yi, ita tana ɗaukar ƙarar a waya. Muka buga ƙofar gida, da bencin shago, da ƙafar gadon uwarta, da jikin sabon akwatin. Daga nan muka wuce kasuwar katako. Mai Katako ya gan mu da cokali ya dafe kai, amma da Auta ta faɗa masa abin da take nufi, shi da kansa ya riƙa sauke mana falankai. Ashe shi ma kwana ukun nan bai ji daɗinsu ba, ba shi da abokin musu. Ya rubuta sunan kowane itace a takarda, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce zai zo ya ga ƙarshen abin.

Washegari da la'asar Auta ta kafa akwatin a tsakar gida, daidai tagar shago. Ta cire gangunan da tafin daga kwamfutar, ta sa wa kowane maɓalli bugu ɗaya daga cikin waɗanda muka ɗauko. Mai Katako ya zauna da takardarsa. Ba wanda ya kira Yaya. Ta danna maɓalli na farko, lasifika ta ce ƙwas-ƙwas.

Muka zuba wa tagar ido. Ta sake dannawa.

Daga cikin shago muka ji murya, ciki-ciki, kamar mai magana da kansa: "Kirya ce. Ɗanya. Wa ya sayar muku da wannan?"

Mai Katako ya duba takarda, ya yi tari.

Ta danna na biyu. "Maje." Na uku. "Ƙofar gidan nan ce, kuma ƙusar sama ta saki." A na biyar ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. A na takwas ya iso tsakar gida ya juya wa akwatin baya, ba wanda ya ce ya yi haka. Ya faɗi ƙawo, ya faɗi mangwaro, ya faɗi bencinsa. A na goma sha ɗaya ya ce gadon matarsa ne, ƙafar hagu ta wajen bango, ita kuma ta ce a bar gadonta ya huta. A na goma sha uku suka yi musu da Mai Katako, Yaya ya ce maɗaci ne, takarda ta ce ƙawo, Auta ta duba wayarta ta ce mu ne muka juya lambar, Baba ya yi daidai. A na goma sha biyar ya karkata kai, sannan ya ce, "Teburin ƙanwata ne." Ya ƙara da cewa mai bugun hannunta ya yi nauyi.

Saura ɗaya. Auta ta dube ni, ta danna. Lasifika ta ce fuf-fuf.

Yaya ya juyo a hankali. "Kwali ne," in ji shi. "Na takalmi. Kuma ya taɓa jiƙa."

Mai Katako ya yaga takardarsa biyu, ya ce goma sha shida cif, amma dai kiryar ba ɗanya ba ce. Nan take musun ya tashi, kamar ba a taɓa dainawa ba. Auta ta bar su suka ɗan yi, sannan ta sa yatsunta duka a kan maɓallan ta fara haɗa bugun: ƙofa, benci, ƙofa, kirya, kwali, kwali, tebur. Kiɗa sosai ya fito, har matar Yaya tana kaɗa ludayi. Ta ce da wannan za ta buɗe taron mawaƙiyar.

Yaya ya tsaya yana saurare har ta gama. Ya ɗauki fensirinsa daga kan akwatin ya mayar bayan kunne. Sannan ya matso kusa da ita, ya lanƙwasa yatsu biyu, ya buga mata a tsakar ka, ya karkata kai. Ta runtse ido tana jiran abin da ta saba ji tun tana rarrafe.

Ya ce, "Ta bushe. Ana iya aiki da ita."

Auta ta sunkuyar da kai a kan akwatin ba ta ɗago da wuri ba. Ni kuwa na koma ɗaki, wai zan ƙarasa wani ɗinki, na zauna gaban kekena a kan ƙofar firji ina neman ramin allura ban gan shi ba.